Wata 62 a Belmarsh: yadda jiran shari'a ya zama hukunci a rikicin miƙa Julian Assange

A ranar 26 ga watan Yunin 2024, a wata kotun tarayyar Amurka da ke tsibirin Saipan a yammacin tekun Fasifik, mai shari'a Ramona Manglona ta yanke wa Julian Assange, wanda ya kafa shafin fallasa bayanan sirri na WikiLeaks, ɗaurin wata 62, bayan ya amsa laifi guda ɗaya na haɗa baki wajen samo bayanan tsaron Amurka da kuma yaɗa su. Duk da wannan hukunci, ko dare ɗaya bai kwana a gidan yarin Amurka ba, domin daga kotun filin jirgi ya nufa, da daddare kuma ya sauka a Canberra, babban birnin ƙasarsa Ostireliya. Abin da ya sa haka shi ne ya riga ya cinye waɗannan watanni a kurkukun Belmarsh da ke kudu maso gabashin Landan, inda ya yi kwana 1,901, daga 11 ga Afrilun 2019 zuwa 24 ga Yunin 2024, kuma mafi yawan kwanakin nan jira kawai yake yi a yanke ko za a tasa ƙeyarsa zuwa Amurka. Duk wanda ya lissafa zai ga cewa tsawon jiran aka fara aunawa, sannan aka yanka hukuncin daidai da shi, kamar yadda tela yake gwada mutum kafin ya sa almakashi a yadi.

Wannan lissafi ya fi komai bayyana matsalar da ke tattare da shari'ar miƙa mutum ga wata ƙasa. Kotun da ake kai irin wannan ƙara gabanta ba ta da hurumin binciken ko mutumin ya aikata laifin ko bai aikata ba, domin wannan aikin kotun ƙasar da ke nemansa ne. Abin da take dubawa kawai shi ne ko doka ta yarda a miƙa shi. Saboda haka mutum yana iya yin shekara biyar, ko takwas, ko ma goma sha huɗu a tsare, lauyoyi suna ta kai-komo tsakanin ƙaramar kotu da babba, ba tare da ko alƙali ɗaya ya taɓa zama ya saurari ainihin maganar da ta jawo kama shi ba.

Dokar ƙasa da ƙasa ba ta wajabta wa kowace gwamnati ta miƙa duk wanda aka nema a hannunta ba. Alkawari ne da ƙasashe suke ƙullawa a rubuce, kowace da sharuɗɗan da ta gindaya. Daga cikin tsofaffin sharuɗɗan akwai cewa abin da ake zargin mutum da shi ya kasance laifi a dokokin ƙasashen biyu, akwai kuma cewa idan an miƙa shi ba za a gurfanar da shi kan wani abu dabam da wanda aka rubuta a takardar neman ba. Birtaniya da Amurka sun sanya hannu kan yarjejeniyarsu ta yanzu a shekarar 2003, lokacin da zafin harin 11 ga Satumban 2001 bai huce ba, ta kuma fara aiki a 2007 bayan Majalisar Dattawan Amurka ta amince da ita. A shekarar 2003 ɗin ne kuma majalisar dokokin Birtaniya ta kafa sabuwar dokar miƙa waɗanda ake tuhuma, wadda a ƙarƙashinta aka sauke wa wasu ƙasashe, har da Amurka, nauyin baje hujjojinsu a gaban alƙalin Birtaniya. Ya wadatar su kawo bayanin da zai sa mai hankali ya yi zaton an aikata laifi. Masu suka sun daɗe suna cewa ma'aunin ya karkata wajen Amurka, ko da yake kwamitin da tsohon alƙali Scott Baker ya jagoranta a 2011 ya ce babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin abin da kowane ɓangare yake nema daga ɗan'uwansa. A tsarin na Birtaniya, ministan harkokin cikin gida ne yake karɓar buƙatar ya tura ta kotu, alƙali ya duba ko akwai wani shinge na doka, sannan takardar ta koma hannun minista ya sa hannu na ƙarshe. Ɗan siyasa ne yake buɗe ƙofar, shi ne kuma yake rufe ta, alƙali yana tsakani, don haka duk wanda ya ce a raba shari'a da siyasa a nan yana neman abin da tsarin kansa bai tanada ba.

Asalin maganar Assange ya koma shekarar 2010, lokacin da shafinsa na WikiLeaks ya saki bidiyon wani jirgin yaƙin Amurka mai saukar ungulu yana buɗe wa mutane wuta a Bagadaza a watan Yulin 2007, cikin waɗanda suka mutu har da ma'aikatan kamfanin dillancin labarai na Reuters guda biyu. Takardun yaƙin Afganistan suka biyo baya, sai na Iraƙi kusan 400,000, sai wasiƙun ofisoshin jakadancin Amurka sama da 250,000. Chelsea Manning, wadda ta kwaso bayanan tana aikin soja a Iraƙi, kotun soja ta ɗaure ta shekara 35 a 2013, kafin Shugaba Obama ya sassauta mata a Janairun 2017. Amma Suwidin ce ta riga Amurka neman Assange a hukumance, kan zargin fyaɗe da cin zarafi da ya shafi wasu mata biyu a watan Agustan 2010. An kama shi a Landan ranar 7 ga Disamban shekarar, aka ba da belinsa, ya yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙolin Birtaniya, inda a watan Mayun 2012 alƙalai biyar cikin bakwai suka ce a miƙa shi. Abin da aka kwashe watanni ana ja-in-ja a kansa shi ne ko mai gabatar da ƙara ta Suwidin, wadda ba alƙaliya ba ce, tana cikin hukumomin shari'a da aka yarda su fitar da sammacin kamu na Tarayyar Turai.

A nan dole a faɗi abin da magoya bayansa ba su cika son ji ba, wato kusan shekara bakwai da suka biyo baya shi ya kai kansa da ƙafarsa. Ranar 19 ga Yunin 2012 ya shiga ofishin jakadancin Ikwado da ke unguwar Knightsbridge, wanda bai wuce wani sashe mai 'yan ɗakuna a cikin bene ba, gwamnatin Rafael Correa ta ba shi mafakar siyasa a watan Agusta, waɗanda suka tsaya masa a beli kuwa suka yi asarar kuɗinsu. 'Yan sandan Landan sun tsare ƙofar dare da rana har zuwa Oktoban 2015, aikin da ya laƙume sama da fam miliyan 12. Hujjarsa ita ce Suwidin gada ce kawai zuwa Amurka, kuma in za a ba shi tabbacin ba za a tura shi can ba, zai je ya amsa tambayoyi. Suwidin ta ce ba za ta iya yin alkawari a kan buƙatar da ba a kawo mata ba tukuna. Masu binciken na Suwidin su ma suna da nasu kason, domin sai a Nuwamban 2016 aka je ofishin jakadancin aka yi masa tambayoyi, alhali wa'adin uku daga cikin zarge-zargen ya riga ya ƙare tun Agustan 2015. An rufe binciken a 2017, an sake buɗe shi a 2019, aka kuma rufe shi baki ɗaya a Nuwamban shekarar saboda daɗewar al'amarin ta raunana hujjoji. Ba a gurfanar da shi ba, ba a kuma wanke shi ba, matan biyu kuwa, waɗanda galibi ake mantawa da su idan ana ba da wannan labari, ba su taɓa samun ranar da alƙali zai saurare su ba.

Siyasa ce ta ba shi mafaka, ita ce kuma ta ƙwace ta. Lenín Moreno ya gaji Correa a 2017, dangantaka ta yi tsami, ranar 11 ga Afrilun 2019 aka janye mafakar, aka buɗe wa 'yan sanda ƙofa. Hoton da duniya ta gani shi ne na wani mutum da furfura ta rufe masa kai, gemu buzu-buzu, jami'ai sun ciccibo shi daga bakin ƙofa yana ta ɗaga murya, suka cusa shi a mota. A ranar Amurka ta bayyana tuhumar da ta rufe tun watan Maris na 2018, ta haɗa baki wajen kutse cikin kwamfuta, abin da ya nuna cewa tsoron da ya daɗe yana faɗa ba tatsuniya ba ne. A watan Mayu aka ƙara tuhuma 17 a ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917, suka zama 18. Lauyoyinsa suna cewa jimillar ɗaurin da ke kansa ta kai shekara 175, lauyoyin Amurka kuma suna cewa abin da aka saba yankewa a irin wannan shari'a bai wuce shekara huɗu zuwa shida ba. Kotun Landan ta yanke masa mako 50 saboda karya beli, zaman da ya ƙare a Satumban 2019, daga nan har ranar da ya fita ba ya ɗauke da hukuncin kowace kotu. Duk neman belin da ya yi daga Belmarsh kafin Yunin 2024 an ƙi shi, kuma da wuya a ga laifin alƙalan a wannan gaɓa, tunda wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya razana.

An fara sauraren ƙarar a watan Fabrairun 2020 a kotun Woolwich, wadda take jikin kurkukun Belmarsh. Can bayan ɗakin aka zaunar da shi cikin wani akwatin gilashi, inda ya yi ta ƙorafin ba ya jin abin da ake faɗa sosai, kuma ba ya iya ganawa da lauyoyinsa ba tare da wasu sun ji ba. Lauyoyin suka roƙi a bar shi ya zauna kusa da su, mai shari'a Vanessa Baraitser ta ƙi. A wannan zama ne aka buɗe muhawarar da, a ganina, ta fi kowace muhimmanci a duk shari'ar, wato batun laifin siyasa.

Tun ƙarni na 19 ƙasashen Turai suka ginu a kan cewa ba a miƙa wanda laifinsa na siyasa ne, kuma Beljiyam ce ta fara rubuta haka a dokarta a 1833. Hikimar ita ce ɗan tawayen yau yana iya zama shugaban gobe, kuma kotun gwamnatin da mutum ya yi wa tawaye ba inda zai sa ran adalci ba ne. Masana shari'a sun raba irin wannan laifi gida biyu: akwai tsantsar laifin siyasa, wanda gwamnati kaɗai aka yi wa, kamar cin amanar ƙasa da tunzura jama'a da leƙen asiri, akwai kuma wanda ya cuɗanya da laifi na yau da kullum kamar kisa. Kashi na biyun ne aka yi ta tsuke wa hanya, tun daga 1856 da Beljiyam ɗin ta cire kisan shugaban wata ƙasa daga wannan kariya, har zuwa yarjejeniyoyin yaƙi da ta'addanci na zamanin nan. Leƙen asiri dai ya ci gaba da zama misalin farko da ake kawowa na kashin farko. Sashe na 4 na yarjejeniyar Birtaniya da Amurka kuma ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa ba za a miƙa mutum ba idan laifin da ake nemansa a kai na siyasa ne. Lauyan Assange, Edward Fitzgerald, ya ce magana ta ƙare ke nan, tunda tuhuma 17 cikin 18 daga dokar leƙen asiri aka ciro su.

Amsar da lauyan Amurka James Lewis ya bayar ita ce kotun Birtaniya ba da yarjejeniya take aiki ba, da dokar majalisa take aiki, dokar 2003 kuwa ta watsar da wannan kariya da tsofaffin dokoki suka ƙunsa. A tsarin shari'ar Birtaniya, yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da wata ƙasa ba ta ba ɗaiɗaikun mutane haƙƙin da za su nema a kotu, sai idan majalisa ta shigar da ita cikin doka. Baraitser ta yarda da wannan, Babbar Kotu ma ta bi sahunta a 2024. Ta fuskar ƙa'ida hujjar a tsaye take, amma sakamakonta yana da wuyar haɗiya, domin albarkacin yarjejeniyar ne Amurka ta samu damar neman mutumin, sai ga shi sashen da zai kare shi a cikin takardar guda an ce bai shafi kotu ba. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Abin da ya rage masa shi ne sashe na 81 na dokar, wanda ya hana miƙa mutum idan ya tabbata cewa don a hukunta shi saboda ra'ayinsa na siyasa, ko addininsa, ko launin fatarsa, ko ƙasarsa ake nemansa. Wannan kuwa yana nufin sai ya tabbatar da abin da ke cikin zuciyar masu gabatar da ƙara. Lauyoyinsa sun nuna cewa gwamnatin Obama ba ta tuhume shi ba, sun nuna cewa Mike Pompeo, yana shugaban hukumar CIA a Afrilun 2017, ya kira WikiLeaks ƙungiyar leƙen asiri mai gaba da Amurka, sun kuma kawo shaidar cewa kamfanin tsaro na Sifaniya da ke gadin ofishin jakadancin ya riƙa naɗar ganawarsa da baƙinsa har da lauyoyi. Kotu ta ce duk wannan bai isa ya nuna mugun nufi ba.

Ita ma Amurka tana da maganar da ba za a yi watsi da ita ba. Cewa ta yi ba don buga labari take nemansa ba, sai don ya ƙarfafa wa Manning gwiwar kwaso takardu, ya yi ƙoƙarin taya ta fasa lambar sirrin kwamfuta, sannan ya saki takardu ɗauke da sunayen mutanen da suka ba Amurka bayanai a asirce a ƙasashe irin su Afganistan da Iraƙi da Iran. Jaridu biyar da suka yi aiki da shi, wato Guardian da New York Times da Le Monde da Der Spiegel da El País, sun yi tir da sakin wasiƙun ba tare da goge sunaye ba a Satumban 2011, ko da yake su ɗin ne dai suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a Nuwamban 2022 suna neman a janye tuhumar, saboda sun ga cewa dokar da za ta kama shi kan karɓa da buga sirrin gwamnati ba ta da inda za ta tsaya kafin ta iso ɗakin editocinsu. Lewis kansa ya amince a gaban kotu cewa, ko da yake wasu daga cikin masu sunayen sun ɓace, Amurka ba za ta iya tabbatar da cewa fallasar ce sanadi ba.

Ranar 4 ga Janairun 2021 Baraitser ta yanke hukuncin da ya ba kowa mamaki. Ta yi fatali da hujjar laifin siyasa da ta 'yancin aikin jarida, sannan ta ƙi miƙa shi a ƙarƙashin sashe na 91, saboda likitocin ƙwaƙwalwa sun nuna yana fama da matsananciyar damuwa, kuma ta gamsu cewa idan aka killace shi a irin keɓewar da ake yi wa fursunonin tsaron ƙasa a Amurka, musamman a kurkukun ADX Florence na jihar Colorado, zai nemi hanyar kashe kansa. Ya yi nasara, amma kwana biyu bayan haka aka ƙi belinsa aka mayar da shi Belmarsh, domin Amurka ta ɗaukaka ƙara.

Makamin da Amurka ta zaro shi ne takardar tabbaci ta diflomasiyya. Asalin wannan al'ada a Turai yana da kyau. A 1989 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta hana Birtaniya miƙa wani Bajamushe mai suna Jens Soering ga jihar Virginia, saboda shekarun da zai yi yana jiran a zartar masa da hukuncin kisa za su zama azabtarwa, sai da Amurka ta yi alkawarin ba za a kashe shi ba sannan aka miƙa shi. Daga nan tabbaci ya zama hanyar da ake bi a tsallake duk shingen da kotu ta kafa. A shari'ar Assange, bayan an kayar da ita ne Amurka ta rubuto cewa ba za a sa shi cikin waccan keɓewa ba, ba za a kai shi ADX Florence ba, za a kula da lafiyarsa, kuma za a bar shi ya nemi ƙarasa ɗaurinsa a Ostireliya. Sai dai alkawura biyun farko suna da jela, wato suna aiki ne matuƙar bai aikata wani abu nan gaba da zai sa ya cancanci waɗannan matakai ba, kuma jami'an Amurka ne za su auna ko ya aikata. Ranar 10 ga Disamban 2021 Babbar Kotu, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Burnett, ta ce babu dalilin shakkar alkawarin ƙasar da aka daɗe ana hulɗa da ita, ta soke hukuncin Baraitser. Akwai gaskiya a cikin wannan, domin ƙasar da za ta dawo gobe da wata buƙata ba ta son a san ta da saɓa alkawari. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da aka kawo tabbacin. Idan ƙasa za ta iya jira sai an kayar da ita sannan ta toshe ramin da alƙali ya gano, to kowace nasara da wanda ake tsare da shi ya samu ƙarin wata goma sha ne a kurkuku, ita kuwa mai neman ba ta yi asarar komai ba.

Wanda yake son ganin hannun siyasa a fili ya dubi watan Oktoban 2012. Ranar 5 ga watan aka ɗora mutum biyar da ake zargi da alaƙa da ta'addanci a jirgi zuwa Amurka, ciki har da Babar Ahmad, ɗan Birtaniya da ya yi shekara takwas a tsare ba tare da shari'a ba, da Talha Ahsan da aka tsare tun 2006, da Khalid al-Fawwaz da aka kama tun 1998. Kwana 11 bayan haka ministar cikin gida Theresa May ta tsaya a majalisa ta ce ba za a miƙa Gary McKinnon ba, wanda ake zargi da kutse cikin kwamfutocin sojan Amurka, saboda yana da larurar Asperger, wata larurar ƙwaƙwalwa da ke shafar mu'amala da mutane, kuma ana tsoron zai kashe kansa. Likitoci sun ce Ahsan ma yana da wannan larura, kuma jama'a da dama, musamman Musulmin Birtaniya, ba su ga abin da ya bambanta mutanen biyu ba illa irin tuhumar da kuma yawan masu ƙarfin da suka tsaya wa kowannensu. Da aka kai Ahsan kotu a Connecticut ya amsa laifi, a 2014 aka yanke masa daidai abin da ya riga ya yi a tsare, aka sallame shi, shekara goma kafin a ɗinka wa Assange riga irin tasa. Kafin su akwai Janar Augusto Pinochet, tsohon shugaban ƙasar Cile, wanda aka kama a Landan a Oktoban 1998 bisa sammacin alƙalin Sifaniya Baltasar Garzón, kotun ƙoli ta lokacin ta ce ba shi da kariya daga tuhumar azabtarwa, amma minista Jack Straw ya sallame shi a Maris na 2000 bisa dalilin rashin lafiya, yana sauka a Santiago kuma ya miƙe daga keken marasa lafiya. Ta ɗaya ɓangaren, wata guda kafin a fara sauraren ƙarar Assange, Amurka ta ƙi miƙa wa Birtaniya Anne Sacoolas, matar wani jami'in Amurka, wadda ta buge wani matashi ɗan Birtaniya mai suna Harry Dunn da mota ya mutu a 2019, tana kafa hujja da rigar kariyar diflomasiyya. Bayan maganar McKinnon an gyara doka a 2013 an karɓe batun haƙƙin ɗan'adam daga hannun minista an bar wa kotu, shi ya sa lokacin da ministar cikin gida Priti Patel ta sa hannu kan miƙa Assange ranar 17 ga Yunin 2022 abubuwan da doka ta bar mata ta duba 'yan kaɗan ne.

A zagaye na ƙarshe ne makamin tabbacin ya dakushe. Mai gabatar da ƙara na Amurka Gordon Kromberg ya taɓa rubuta wa kotun Landan cewa gwamnati tana iya kafa hujjar cewa baƙo ba ya cin gajiyar gyara na farko a kundin tsarin mulkin Amurka, wanda shi ne yake kare 'yancin faɗin albarkacin baki da na jarida. Ranar 26 ga Maris na 2024 masu shari'a Victoria Sharp da Jeremy Johnson suka nemi a ba su tabbaci uku: ba za a yanke masa hukuncin kisa ba, zai iya dogara da wancan gyara, kuma ba za a tauye shi don ba Ba'amurke ba ne. Na farko ya zo ba tare da gardama ba. A kan sauran, abin da Amurka ta iya cewa shi ne zai iya gabatar da hujjar, amma kotunanta ne kaɗai za su yanke ko ta shafe shi. Gaskiya ta faɗa, domin ma'aikatar shari'a ba ta da ikon ɗaure wa alƙalin Amurka hannu, sai dai wannan gaskiyar ce ta kayar da ita. Ranar 20 ga Mayu aka ba Assange izinin cikakken ɗaukaka ƙara, aka sa ranakun 9 da 10 ga Yuli.

A lokacin iskar siyasa ta riga ta juya. Firaministan Ostireliya Anthony Albanese, wanda ya hau mulki a Mayun 2022, ya sha faɗin cewa abin ya isa haka, a Fabrairun 2024 kuma majalisar wakilan ƙasar ta kaɗa ƙuri'a 86 da 42 tana neman a bar shi ya dawo gida, a Afrilu Shugaba Biden ya ce suna duba buƙatar. Ostireliya ba ƙasar da Amurka za ta yi wa kunnen uwar shegu ba ce, ganin ƙawancen tsaro na AUKUS da suka ƙulla tare da Birtaniya a 2021, ga zaɓe yana tafe a Nuwamba, ga kuma yiwuwar kotun Landan ta yanke cewa baƙo ba zai samu adalci daidai da ɗan ƙasa a Amurka ba. An zaɓi Saipan ne saboda yankin Amurka ne mai kotun tarayya, yana kusa da Ostireliya, shi kuma ya ƙi yarda ya taka babban yankin Amurka. Jakadan Ostireliya a Washington Kevin Rudd da takwaransa na Landan Stephen Smith suka raka shi kotu, kuɗin hayar jirgin kuwa, dala 520,000, a wuyansa aka rataya.

A gaban Manglona ya ce a fahimtarsa dokar leƙen asiri da gyara na farko suna cin karo da juna, amma ya yarda cewa cin irin wannan shari'a zai yi wuya. Da yake amsa laifi aka yi ba shari'a ba, babu wata kotun Amurka da ta yanke ko dokar 1917 tana iya hawa kan mai buga labari, ko da yake masu gabatar da ƙara yanzu suna da sunan mutum guda da za su nuna cewa ta taɓa hawa. Zaman 9 da 10 ga Yuli bai gudana ba, don haka tambayar ko Birtaniya za ta iya miƙa baƙo ga kotun da ba lallai ta ba shi kariyar 'yancin magana ba tana nan yadda Sharp da Johnson suka bar ta. Sashe na 4 yana nan a cikin yarjejeniyar 2003 yana hana miƙa mai laifin siyasa, dokar majalisa ta shekarar kuma har yanzu ba ta ambace shi ba.